Maɓallan Rigunan Akawu

Mai Guga mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya shiga gidan mutane ya tarar da kalanda ta jirkice, sai ya miƙe ta kafin ya amsa gaisuwa. Wannan hali nasa ne ya kusa raba wani dattijo da gidan da ya shekara arba'in a ciki. Abin haushin kuma, da kyakkyawar niyya ya yi.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin na Tela da na mai gyaran rediyo. Tebur ɗaya ne shimfiɗe da tsohon bargo, sai dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, sai igiyoyin shanya a baya. Amma abin alfaharinsa shi ne kantar da ke saman teburin. Shekara goma sha tara yana wanki, kuma duk maɓallin da ya tsinke a baho, ko ya maƙale a bakin magudana, ko ya faɗo daga aljihu, bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Ya jera su a kwalabe, farare daban, baƙaƙe daban, masu huda biyu ba sa kwana da masu huda huɗu. Waɗanda suka rasa dangi kuwa, irin wanda ko mai shi ba zai gane shi ba, suna cikin wani ƙaton gwangwanin madara da yake kira gidan marayu.

"Ka tara su haka, yaushe za ka aurar da su?" in ji Tela, duk sanda ya leƙo ɗibar garwashi.

"Da kuna ɗinka su da tsoron Allah, da me zan tara?" Mai Guga yakan ce, ba tare da ya ɗago kai ba.

A cikin masu kawo masa wanki babu wanda yake ji da shi kamar Akawu. Dattijo ne dogo, wanda ya yi aiki a gidan waya har ya yi ritaya, sunan aikin kuma ya bi shi gida. Yana zaune shi kaɗai a ƙarshen layin tun da matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. 'Yarsa ɗaya, wadda yake kira Auta, nas ce a wani gari mai nisa. Kullum ƙarfe takwas na safe Akawu zai wuce ta gaban shagon, riga da wando iri ɗaya, karin guga kamar zai yanki hannu, ya je bakin titi ya sayi jarida, ya maƙale ta a hammata, ya dawo. Mai Guga yakan bar abin da yake yi ya bi shi da kallo, don a ganinsa aikinsa ne ke tafiya a titi.

Abu ɗaya ne kawai yake cin ransa game da kayan Akawu. Kowa ya san riga takan zo da maɓallin ko-ta-kwana a ciki, wanda ake ɗinkewa a gefe don ranar da na gaba ya tsinke. To, na Akawu ma suna da shi, kowace riga a ɗinkin hagu, yatsa huɗu daga ƙasa, kowane wando kuma a cikin ƙugu. Sai dai babu ko ɗaya da ya yi kama da maɓallan gaban rigar. Wata rigar mai fararen maɓallai sai ka juya ta ka ga na katako. Wata na ƙarfe. Wata wani mai tudu kamar rabin gyaɗa. Ɗinkin kuwa hannu ɗaya ne, ƙanana, a matse, irin na mai haƙuri.

Me zai sa mai irin wannan hannu ya kasa zaɓen maɓalli? Mai Guga ya juya tambayar nan a ransa har ta gaji da shi. Ya ce ko tsumulmula ce, amma mai tsumulmula ba ya sayen yadi irin na Akawu. Ya nuna wa Tela, Tela ya ɗaga rigar sama ya duba, ya ce shi dai ba aikinsa ba ne, kuma ya bar wa mutane kayansu yadda ya same su. Shekara biyu Mai Guga yana kallon maɓallan nan duk ranar Litinin, kuma a shekara biyun nan abin da ya gani kawai shi ne ba su dace ba. Bai taɓa tambayar mai kayan ba, wai kada ya kunyata babban mutum.

Ana nan sai aka yi wani ruwa na kwana biyu, rufin Akawu ya yi yoyo daidai kan kabad ɗin kayansa. Ranar Litinin sai ga mai baro ya sauke ƙunshi guda a ƙofar shago, riga goma sha ɗaya, wando takwas har da na barci, duk suna warin danshi. Karon farko ke nan da kayan suka haɗu gaba ɗaya a hannun Mai Guga, kuma zuciyarsa ta ce masa yau ce ranar.

Ya wanke su, ya sa sitaci, ya goge. Sannan ya zauna da reza da allura, ya sauko da kwalabensa. Ya tsinke baƙin maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha tara, ya watsa su gidan marayu, ya girgiza gwangwanin. A gurbin kowanne ya ɗinka wanda ya yi daidai da na gaban rigar, fari ga fari, mai huda huɗu ga mai huda huɗu. Ya ɓata rabin yini a kai, bai kuma yi niyyar faɗa wa kowa ba. Alheri ne yake so a gano da kai.

Washegarin da aka mayar da kayan, ƙarfe takwas Akawu ya wuce sanye da riga ruwan ƙasa da wando shuɗi. Mai Guga ya riƙe dutsen guga a sama har ya manta da shi. Ya ce a ransa ko sabon yayi ne da bai kai ga ji ba.

Kashegari abin ya wuce yayi. Akawu ya fito da farar riga, a ƙasa kuwa wandon barci mai ratsin ja, wanda Mai Guga da hannunsa ya sa wa sitaci ya fitar masa da kari. Haka ya taka har bakin titi a natse, ya sayi jaridarsa. Masu shaguna suka yi ta kallon juna. Wata mata ta toshe bakin ɗanta da hannu. Babu wanda ya iya ce masa komai, saboda girmansa.

"Tsufa ya zo," in ji Tela a hankali. "Allah ya sa mu gama lafiya."

Rana ta uku Akawu bai fito ba sam. Mai Guga ya kasa guga. Ya ƙona wuyan wata riga kaɗan, abin da rabonsa da yi tun yana koyo. Da rana ta take sai ya rufe shagon, ya ɗauki wani ƙyallen hannu da ya rage a cikin kayan don ya zama dalilin zuwa, ya nufi ƙarshen layi.

Ya yi sallama sau biyu kafin aka amsa. Falon tsaf yake, kowane abu a mazauninsa, kujeru a jikin bango, tsakiya fayau babu ko tabarma. A kan wani tebur jaridu ne jibge, a ninke yadda aka sayo su. Ta ƙofar ɗaki ya hango gado, an zube kayan nan duka a kai, Akawu na zaune a gefe cikin singileti, riga ɗaya a cinyarsa, yatsunsa na bin ɗinkin hagu suna komowa.

"Mai Guga ne?"

"Ni ne, Baba. Ƙyallenka na kawo."

"Zo nan. Wa ya taɓa min kaya a shagonka?"

Ko a lokacin Mai Guga bai sha jinin jikinsa ba. Har wani ɗan murmushi ya yi. "Ai ni ne, Baba. Na ga na ko-ta-kwanan duk ba su dace ba, shi ne na sa maka na ainihi. Kyauta ce, kada ka damu."

Akawu ya ɗago fuska, ya dubi wajen da Mai Guga yake, amma dubansa ya sauka kaɗan a gefen kafaɗarsa.

"Rufe ƙofar, ka zauna," ya ce. "Yatsa nawa ka ɗaga min, in ka ɗaga?"

"Ban ɗaga ba, Baba."

"To ka gani. Ko ka ɗaga, ko ba ka ɗaga ba, duk ɗaya ne a wurina."

Nan ya faɗa masa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara huɗu ke nan idonsa yana tafiya. Yana ganin haske da duhu, yana ganin mutum kamar inuwa a bayan labule, amma launi ya daɗe da ɓace masa, likita kuma ya ce ba mai dawowa ba ne. Matarsa kaɗai ta sani. Ita ce ta zauna ta ɗinka masa maɓallan nan, don ya riƙa sa kayansa da kansa ba tare da ya kira kowa ba. Na katako ruwan ƙasa ne. Mai tudu shuɗi. Na ƙarfe ruwan toka, mai kusurwa huɗu baƙi, shafaffe mai santsi fari. Kayan barci kuma ɗan ƙaramin na gilashi. Da safe in ya taɓa riga ya taɓa wando, ya ji sun amsa wa juna, shi ke nan.

"Yanzu duk na taɓa, abu ɗaya suke ce min," in ji shi.

Mai Guga ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga tausayi, ga haushin kansa. Sai yanzu ya tuna Akawu bai taɓa riga shi gaisuwa ba, kullum sai ya ji murya yake kiran sunan mutum. Shi kuwa ya ɗauka isa ce ta tsofaffin ma'aikata.

"Baba, ka yafe ni. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ai don kada a sani aka yi." Akawu ya ajiye rigar. "Ba wannan ne ya hana ni barci ba. Matar maƙwabcina ta buga wa Auta waya, ta ce mata na fita da wandon barci. Auta ta ce tana nan tafe ranar Asabar."

"Ai abin farin ciki ne."

"Kai dai ba ka san ta ba. Tun rasuwar uwarta ta ce min, duk ranar da ta ga ba na iya kula da kaina, sai ta tattara ni. Ta gyara min ɗaki a gidanta, hawa na uku. Mai Guga, a gidan nan na san taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa famfo. Na san inda kwata take a layin nan, na san dutsen da ke gaban shagonka. A nan ƙafata tana gani. A can kuwa sai dai a zaunar da ni a kujera a riƙa miƙo min ruwa. In ta zo ta same ni haka, na bar gidan nan ke nan."

Ranar Alhamis ce. Mai Guga ya miƙe ya ce kafin Asabar kowane maɓalli zai koma inda ya fito, ko da shagon zai kwana biyu a rufe. Ya ce yana da na katako da na ƙarfe cike da kwalba, yanzu zai kawo.

"Na marigayiya nake so," in ji Akawu. "In ba ka zubar ba."

A rayuwarsa Mai Guga bai taɓa godiya ga halinsa na tara tarkace kamar ranar ba. Ya koma shago da sauri, ya sauko da gidan marayu ya rungume. Tela ya leƙo.

"Ina za ka da su? An samu mijin ne?"

"An samu," ya ce, ya wuce.

A falon Akawu suka juye gwangwanin a babban faranti. Maɓallai sun fi dubu, manya da ƙanana, na kwat, na rigar yara, na kakin 'yan sanda, wasu da guntun zare a jiki. Mai Guga ya duƙa yana tonawa da ido, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan. Na katako kaɗai ya ga sun kai talatin, duk kuma kamarsu ɗaya a wurinsa.

"Matsa," in ji Akawu.

Ya nutsa hannu biyu cikin farantin, ya ɗaga fuska sama kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Yatsunsa suka shiga tafiya. Yakan ɗauki ɗaya ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya sake shi. Can sai ya tsaya.

"Ga ɗaya. Wannan daga tsohuwar rigar ruwana ta cire shi, ji inda ya ɗan tsage a baki."

Mai Guga ya karɓa ya kai kusa da ido. Da ƙyar ya ga tsagar. Mamaki ya kama shi, har kunyar ta ɗan sake shi, ya gyara zama yana kallo kamar yaro a gaban mai dabo. Ya shiga tambaya. Ta yaya ake bambanta na ƙashi da na roba? Akawu ya ce na ƙashi ya fi sanyi, kuma in ka ƙwanƙwasa shi a haƙori ƙararsa daban. Mai Guga ya gwada a nasa haƙorin, ya ji gaskiya ne. Shekara goma sha tara yana tara abin nan, ashe rabin saninsa ya yi.

Kafin la'asar sun tsamo goma sha takwas. Na gilashin nan na wandon barci ya ƙi fitowa, sun bi farantin sau uku. Akawu ya ce a bar shi, wandon da babu komai a ƙugunsa shi ne na barci, ai ya riga ya yi suna a unguwa.

Ranar Juma'a aka shiga ɗinki. Mai Guga na faɗin launin riga, Akawu na miƙo maɓallinta. Aiki na tafiya lafiya har suka zo kan riga ta ƙarshe, maɓalli ɗaya ya rage a hannun Akawu, na ƙarfe.

"Saura mai ruwan toka," ya ce.

Mai Guga ya dubi rigar, ya dubi dattijon. "Baba, wannan ai koriya ce."

"Koriya? A kayana?"

"Koriya shar. Da wandonta ma, shi ya rage a cikin wanduna ɗazu, ka miƙo na ƙarfe na sa masa ban faɗi launi ba, na ɗauka ka sani."

Akawu ya karɓi rigar ya shafa. "Wannan da nake sawa duk ranar karɓar fansho? Ni da na rantse tun ina saurayi ba zan sa kore ba, na ce kayan 'yan makaranta ne! Shekara talatin marigayiya tana cewa zai yi min kyau, ina ƙi." Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da buga gwiwa, har ta juye ta zama wani abu, ya sa bayan hannu ya goge ido. "Ka ga matar nan. Ta jira sai da na makance."

"In canza masa wani?"

"Mayar mata da abinta yadda ta sa. Yana yi min kyau kuwa?"

"Wallahi ya fi duk sauran."

"To kada ka faɗa wa kowa na tambaya."

Asabar da sassafe Mai Guga ya zo da dutsen gawayi, don ya bi kayan da guga ta ƙarshe. Ya tarar Akawu ya yi wanka, ya share falo, ya fito da wasu ledoji uku daga aljihun tebur ya ajiye a gado.

"Auta ce ta kawo min su, shekara ɗaya da rabi ke nan," ya ce. "Ban taɓa buɗewa ba. Ina zan san launinsu? Duk zuwan da za ta yi sai ta tambaya, in ce ina adana su. Yau ina so ta same ni da ɗaya. Ka duba min, ka faɗa min launin, ka sa musu alama irin ta sauran."

Mai Guga ya buɗe leda ta farko. Riga ce shuɗiya mai kyau da wandonta. Tun daga ninkin ya ga wani abu, domin ninkin kamfani daban yake, wannan kuwa an taɓa warware shi an mayar. Ya zare allurai, ya juya rigar, ya kai hannu ɗinkin hagu don ya auna yatsa huɗu. Hannunsa ya ci karo da maɓalli.

Mai tudu ne, kamar rabin gyaɗa. Ba hannun marigayiya ba ne. Wannan ɗinkin wara-wara ne, kowane zare da ƙullinsa daban, an datse bakinsa gajere, irin yadda ake ɗinke rauni a asibiti. Ya duba ƙugun wandon, ga wani. Ya buɗe leda ta biyu, ruwan ƙasa, na katako. Ta uku fara, shafaffe mai santsi. Babu kuskure ko ɗaya.

Ya tsaya da rigar a hannu. Sau ɗaya ya yi wa mutumin nan gyaran da ba a sa shi ba, ya ga abin da ya biyo baya. Yana iya yin shiru, ya ce ya ɗinka, a wuce wurin. Amma wannan saƙo ne da aka aiko tun shekara ɗaya da rabi, yana kwance a leda, kuma ba shi aka aiko wa ba balle ya riƙe.

"Ka yi shiru," in ji Akawu. "Ko ita ma koriya ce?"

"Baba, ba ni hannunka."

Ya kama yatsan dattijon ya ɗora a wurin. Akawu ya murza maɓallin sau ɗaya.

"Shuɗi," ya ce. "Har ka ɗinka? Ban ji ka tsinka zare ba."

"Ban ɗinka ba. Haka na same shi a cikin ledar. Duka ukun."

Yatsan ya koma kan zaren, ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana bi. Mai Guga ya juya ya shiga hura gawayin da ya riga ya kama.

"Wata goma sha takwas," in ji Akawu a hankali. "Tana zuwa, ina karanta mata jarida da ka, tana cewa to, Baba." Ya ja numfashi. "Goge min ita."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mota ta tsaya a ƙofar gida. Mai Guga ya so ya sulale ta baya, amma dutsen gugarsa na falo da wuta a ciki, dole ya tsaya a lungu yana kamar tattara kaya. Akawu ya riga ya tsara yadda zai yi tun jiya, zai tarye ta a bakin ƙofa, ya ce ta rame, ya yaba mayafinta. Da ya ji takunta sai bai tashi ba. Ya zauna a kujerarsa cikin shuɗiyar riga, hannayensa a kan gwiwa.

Ta yi sallama ta shigo, 'yar gajeruwar mace mai saurin tafiya, jakar hannu kawai a kafaɗarta. Ta ga rigar, ta tsaya cak.

"Auta," ya ce, "matso kusa. Daga nan ba na ganin ki."

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta zo ta durƙusa a gabansa, ta ɗauki hannunsa ta ɗora a fuskarta. Hawayenta na bin yatsunsa.

"Na sani, Baba."

"Kin zo tafiya da ni ne?"

"In kai ka ina? Kai da ko ƙofar banɗakina ba ka sani ba." Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo jakar, ta zuge. "Da aka ce min ka fita da wandon barci, na ce ba kanka ba ne, wani ne ya taɓa maka maɓallai. Kwana biyu ina yawo a kasuwa."

Ta fito da wani ɗan ƙulli ta kwance a cinyarsa. Na katako ne, da na ƙarfe, da masu tudu, da zare da allura.

"Yanzu faɗa min," ta ce, tana waiwayowa lungun da Mai Guga yake tsaye rungume da dutsen guga, "wane mai karambanin ne?"